Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamitin Daraktocin Masana'antarmu Kan Sabunta Kwamfutoci da Tsaronsu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Daraktoci da sauran mambobi,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto muku ne a kan labarin da ya iso mana a zauren injuna, cewa kun amince a ware kuɗi a kasafin bana domin sabunta kwamfutocin masana'antar nan, da layukan sadarwar da suka haɗa su, da manyan manhajojin da ke tafiyar da su, da kuma tsaronsu. Na daɗe ina jiran wannan rana, domin shekara da shekaru ni ake tasowa da tsakar dare idan allon wani inji ya daskare, ko na'urar buga lambar kaya ta daina magana da sito. Na zaɓi in yi maganar a fili maimakon in tura takarda ta riƙa bin ofisoshi, saboda abin da za ku yanke zai shafi mai aikin dare da akawun sito da mai shirya albashi, kuma haƙƙinsu ne su san abin da ake tattaunawa a kan aikinsu.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne wani sharaɗi guda da aka ce kun gindaya wa aikin, wato a fara shi a gama ba tare da an tsayar da layin sarrafa kaya ko na awa ɗaya ba. Na fahimci dalilinku, domin ku ne kuke amsa tambayar masu hannun jari, ku ne kuma kuka san alkawuran da aka ɗauka wa masu sayen kayanmu. Duk da haka ina roƙonku ku janye wannan sharaɗi. Kuɗin da kuka ware zai sayo kwamfuta da waya da lasisin manhaja, amma lokacin da za a kashe inji a yi masa aiki ba a sayar da shi a ko'ina, ku kaɗai ne kuke da ikon bayar da shi. Idan sharaɗin ya tsaya, na san yadda aikin zai ƙare. Ɗan kwangila zai sauya kwamfutocin ofis, tunda su ne ake iya taɓawa ranar hutu, ya kafa sabuwar katangar tsaro a mashigar intanet, ya miƙa rahoto mai kyan gani, a sallame shi, a bar zauren injuna kamar yadda aka same shi, alhali a can ne ciwon yake.

Bari in nuna muku abu ɗaya daga cikin abin da nake gani kullum. A gefen babban injin yanka akwai wata kwamfuta a cikin akwatin ƙarfe, jikinta ya yi rawaya saboda tsufa, fankarta ta cika da ƙura tana gurnani. Windows XP ce a kanta. An manna wata 'yar takarda a gefen allon, an rubuta kalmar sirri da biro, rubutun har ya koɗe, kuma kowa ya haddace ta, har da waɗanda suka bar aiki da daɗewa. Wata rana na bi wayar da ta fito daga bayanta, ta hau bango, ta ratsa rufi, ta sauka a akwatin rarraba layi ɗaya da kwamfutar da ake buɗe saƙonnin imel na masu kawo mana kaya. Ma'ana, duk wanda ya yaudari akawu ya sa ya danna wani saƙo, babu abin da ya raba shi da injin nan. Ba sakaci ne kawai ya sa aka bar ta haka ba. Manhajar da ke ba injin umarni ba ta aiki a kan sabuwar Windows, katin da ke haɗa ta da injin ba ya shiga kwamfutocin yanzu, kuma duk lokacin da aka tayar da zancen, sai a ce ai tana aiki, a bar kaza cikin gashinta.

Kamfanin Microsoft ya daina fitar wa Windows XP facin tsaro, wato gyaran da ke toshe kafar kutse a manhaja, tun ranar 8 ga Afrilu, 2014. Windows 7, wadda ke kan wasu allunan masu tuƙa injunanmu, an rufe nata babin ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows Server 2012 ta bi sahu a watan Oktoba na 2023, sannan Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ƙarewar wa'adi ba ta kashe kwamfuta, za ta ci gaba da kunnuwa kamar jiya, shi ya sa mutane ba sa jin tsoron abin. Abin da ke faruwa shi ne, duk wata kafa da aka gano a jikin manhajar daga ranar, a buɗe za ta zauna, kuma masu kutse suna nazarin facin da aka fitar wa sababbin manhajoji domin su gano irin wannan rauni a tsofaffin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kamata kuma ku sani tun yanzu cewa Windows 11 tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙirar shekarun baya-bayan nan, don haka kwamfutoci da yawa da ke da sauran ƙarfi ba za su ɗauke ta ba. Akwai tsarin biyan kuɗi a ci gaba da samun facin Windows 10 har shekara uku, sai dai kuɗin yana ninkawa kowace shekara, wato an yi shi ne domin wanda ke kan hanyar ƙaura. Ga kwamfutocin da ke manne da inji kuwa, akwai nau'in Windows mai dogon wa'adi da aka tanada domin irinsu, kuma nau'insa na 2021 da ake kira Windows 10 IoT zai ci gaba da samun faci har Janairun 2032. A tambayi ɗan kwangila ko ya yi la'akari da wannan, domin amsarsa za ta nuna ko ya taɓa aiki a masana'anta.

Ina so ku dubi abin da ya faru a 2017 da idon basira, domin ya yi kama da halin da muke ciki. Ranar 14 ga Maris na shekarar, Microsoft ya fitar da facin wata kafa a tsohuwar hanyar musayar fayil ta Windows. Ranar 12 ga Mayu, wata biyu bayan haka, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bi ta wannan kafa ta mamaye duniya, tana tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba tare da kowa ya danna komai ba. Kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa, ta taɓa masana'antar Nissan da ke Sunderland a Ingila, kuma a watan Yuni Honda ya rufe masana'antarsa ta Sayama a Japan na kwana guda. Maganin yana nan tun kafin cutar ta zo. Shekara guda bayan nan, a watan Agustan 2018, wani reshen wannan cuta ya shiga TSMC na Taiwan, kamfanin da ya fi kowa ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin lantarki, ta hanyar wani sabon inji da aka jona wa layin sadarwa ba tare da an bincike shi ba. Ta tarar da kwamfutocin Windows 7 marasa faci a cikin masana'antun, ta tsayar da aiki na wasu kwanaki. Kamfanin da ke da irin wannan dukiya da irin waɗannan ƙwararru bai rasa kuɗin faci ba. Faci yana buƙatar a kashe inji a sake kunna shi, a gwada, kuma a masana'anta wannan ne abin da kowa ke gudun nema.

To, me za a yi da kwamfutar injin yanka, tunda ba ta sabuntuwa? A nan ne aikin layukan sadarwa ya fi sayen kwamfutoci muhimmanci. Ƙa'idar da masana'antu ke bi a duniya, IEC 62443, ta ginu ne a kan raba wuri zuwa shiyyoyi, kowace shiyya da katangarta, sannan a bar ƙofa ƙwaya ɗaya tsakanin shiyya da shiyya, a rubuta abin da aka yarda ya wuce, a hana duk abin da ba a rubuta ba. Ofis shiyyarsa daban, injuna tasu daban, kuma a tsakiya a ajiye 'yan kwamfutocin da ɓangarorin biyu ke buƙata, kamar wadda ke tattara alƙaluman abin da aka sarrafa, ta yadda ofis zai karanta daga can ba tare da ya taɓa inji kai tsaye ba. Tsohuwar kwamfutar nan sai a killace ta ita kaɗai, a toshe ramukan filashinta, a kulle ta yadda babu manhajar da za ta tashi a kanta sai wadda aka lissafa, a ɗauki cikakken kwafin faifanta, a kuma nemi irin katinta a ajiye tun ana samunsa. Da haka za ta iya ci gaba da aiki har ranar da za a sauya injin kansa.

Dalilin wannan rabuwa yana cikin yadda aka gina na'urorin da ke tuƙa injuna. Modbus, ɗaya daga cikin harsunan da suke magana da su, an ƙirƙiro shi ne a 1979, zamanin da babu wanda ya yi tunanin baƙo zai iya kaiwa ga wayar. Ba ya tambayar wane ne ya aiko da umarni. Duk wanda ya ce a buɗe bawul ko a ƙara zafi, na'urar za ta yi. A rahotonta na 2014, hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta bayyana yadda masu kutse suka shiga layin ofis na wata masana'antar ƙarfe ta hanyar saƙon imel na yaudara, suka gangara zuwa ɓangaren sarrafawa, har aka kasa kashe tanderun narka ƙarfe yadda ya kamata, ya yi mummunar lalacewa. Idan na karanta irin wannan, ba asarar kaya nake fara tunawa ba, mutanen da ke tsaye kusa da injin nake gani, kuma na san su da sunayensu.

Kafin a ja waya ko ɗaya, dole a yi ƙidaya. A yau babu wata takarda a masana'antar nan da ta lissafa kowace na'ura da ke kan layin sadarwa, da manhajar da ke kanta, da wanda ke kula da ita. Aikin ƙafa ne, sai an bi inji-inji da littafi da tocila, kuma a yi hattara da manhajojin da ke laluben layi da kansu, domin wasu tsofaffin na'urorin PLC, wato ƙananan kwamfutocin da ke tuƙa injuna, sukan daskare idan aka yi musu yawan tambaya. Wayoyin kansu ma a duba su: wayar tagulla ba ta wuce mita 100 ba tare da ta raunana ba, kuma inda ta bi kusa da manyan injunan lantarki ko tsakanin gini da gini, wayar gilashi ce ta dace.

A cikin wannan ƙidaya za a ci karo da ƙofofin baya, ina kuma tabbatar muku za a same su. Ni da kaina na taɓa buɗe akwatin lantarkin wani inji na tarar da ƙaramar na'ura mai ɗauke da layin waya, fitilarta tana ƙyaftawa, wadda masu kafa injin suka bari domin su riƙa duba shi daga ƙasarsu. Da kyakkyawar niyya suka yi, amma babu wanda ya san da ita a cikinmu, kuma katangar tsaro komai tsadarta ba ta ganin abin da ya zagaye ta. A shekarar 2021, an shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun VPN, wato hanyar shiga layin kamfani daga nesa, da ba a rufe ba, wanda kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. Kamfanin ya rufe bututun na kwanaki, ya kuma biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Roƙona shi ne duk mai shigowa daga nesa, ma'aikaci ne ko ɗan kwangila, ya bi ta ƙofa ɗaya, da asusun sunansa, da shaida ta biyu bayan kalmar sirri, a buɗe masa idan ya nema, a rufe idan ya gama, a kuma adana tarihin abin da ya yi. Ku tuna kuma mu ma ƙofa ce ga wasu. Ranar 1 ga Maris, 2022, Toyota ya tsayar da dukkan masana'antunsa 14 na Japan saboda an kai hari kan Kojima Industries, kamfanin da ke kawo masa wasu sassan mota. Manyan masu sayen kaya sun ga wannan, kuma ba da daɗewa ba tambayoyinsu a kan tsaronmu za su zama sharaɗin ciniki.

Maganar kwafin ajiya ita ce ta fi damuna bayan maganar lokaci. Muna da kwafi, amma yana kan layi ɗaya da abin da aka kwafa, kuma masu garkuwa da bayanai shi suke fara nema su lalata kafin su bayyana kansu. Lokacin da wata cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta auka wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk a watan Yunin 2017, sai da suka sake ɗora manhaja a kan manyan kwamfutocin da ake kira sabar guda 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300, kuma abin da ya cece su shi ne kwafin rajistar masu izinin shiga da ya tsira a wani ofishinsu na Yammacin Afirka, domin an ɗauke wuta a can lokacin da cutar ke yawo. Bai kamata mu dogara da irin wannan sa'a ba. Kamfanin alminiyam na Norsk Hydro a Norway, da aka kai wa hari ranar 19 ga Maris, 2019, ya ƙi biyan fansa saboda yana da kwafin da zai dawo da shi, kuma ma'aikatansa sun koma tafiyar da aiki da hannu da takarda, har waɗanda suka yi ritaya suka dawo taimako domin su ne suka san tsohuwar hanya. Duk da haka ya yi asarar kimanin dala miliyan 70. Ba ma sai an kawo hari ba. A watan Agustan 2023 Toyota ya sake tsayar da masana'antun nan 14, wannan karon saboda faifan ajiya ya cika ana tsakiyar gyara, na'urar ko-ta-kwana kuma ta gamu da matsala iri ɗaya domin a kan tsari ɗaya take. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam da ba ya jone da layi. A haɗa da shirye-shiryen na'urorin PLC da ma'aunan kowane kaya da muke sarrafawa, waɗanda wasunsu yanzu a kwamfutar hannu ta injiniya ɗaya kawai suke. Sannan a ware rana a gwada dawo da su a kan inji na gaske, ana duba agogo, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko kwafi ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma a ɗauka ina kiran a yi gaggawa. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya cikin sa'o'i kaɗan. Kowane faci a fara gwada shi a kan kwamfuta ɗaya, a nemi amincewar maƙerin injin, a tanadi hanyar komawa baya, sannan a bi sauran layi bayan layi. Wannan tsanaki ma lokaci yake ci.

Game da ma'aikata, ina roƙon a tambaye su kafin a ɗora musu doka. Mai tuƙa inji da ke sanye da safar hannu, ƙararrawa na kaɗawa a kansa, ba zai tsaya buga kalmar sirri mai tsawo ba, kuma idan aka tilasta masa, takardar nan ce za ta dawo gefen allo. Katin shaida da ake karawa a jikin na'ura ya fi dacewa da shi. A tanadi kwamfuta guda a bakin zaure wadda za a riƙa binciken kowane filashi da ita kafin ya shiga, tunda ta filashi ne ake kyautata zaton cutar kwamfuta mai suna Stuxnet ta kai ga na'urorin Siemens a tashar nukiliya ta Natanz da ke Iran, wurin da ba ya jone da intanet. Wanda kuma ya danna saƙon yaudara ya zo ya faɗa da bakinsa, a gode masa a gaban jama'a, domin idan aka hukunta na farko, na biyu zai yi shiru, shirun nan kuwa shi ne ke ba ɓarawo kwanakin da yake buƙata.

Na san za a kawo muku lissafin abin da awa ɗaya ta tsayuwar layi ke ci, kuma lissafin gaskiya ne. Ina so a ajiye wani lissafin kusa da shi. Jaguar Land Rover ya tsayar da ƙera motoci a Birtaniya daga farkon Satumbar 2025 saboda harin kutse, bai fara komawa aiki ba sai cikin Oktoba, har gwamnati ta tsaya masa a kan rancen fam biliyan 1.5 domin kada ƙananan kamfanonin da ke kawo masa kaya su durƙushe. Tsayuwar da muka tsara da kanmu, muna iya zaɓar lokacin da oda ta yi sauƙi, mu cika sito tun da wuri, mu sanar da abokan ciniki, mu san ranar tashi. Wadda aka ɗora mana, ba mu da ta cewa a farkonta ko ƙarshenta. Kun riga kun yarda a riƙa kashe injuna domin sauya mai da bel da sauran sassan da ke cinyewa, kuma babu wanda ke kiran wannan asara. Kwamfutar da ke ba injin umarni ita ma sashen injin ce.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ina roƙon a sanya aikin kwamfutoci a cikin jadawalin gyaran injuna, kowane layi da ranakunsa a rubuce, a wannan shekara da kowace shekara mai zuwa, kuma a ware masa kuɗin kulawa na dindindin, kada a ɗauke shi kwangilar da ake yi sau ɗaya a manta. Ina roƙon ku naɗa mutum ɗaya daga cikin manyan shugabanni wanda alhakin zai rataya a wuyansa, mai ikon zaunar da ma'aikatan kwamfuta da injiniyoyin zaure a teburi ɗaya, domin a yanzu kowane ɓangare yana ganin kwamfutar gefen inji ta ɗayan ce. Kafin ku sa hannu a takardar kwangila kuma, ina gayyatarku ku sauko zauren injuna, ko da biyu ne daga cikinku, a lokacin da masu aikin rana ke miƙa wa masu aikin dare. Zan buɗe muku akwatin ƙarfen nan, mu bi wayar tare har inda ta sauka.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Ma'aikaci a sashen kula da kwamfutocin injuna